Karen Da Kowa Ke Wucewa

Aikinmu shi ne karɓar karnukan da aka yasar ko aka tsinto a titi, mu yi musu magani da horo, sannan mu nema musu gidan zama na dindindin. Ba daga nan muke ci ba. Ajiyar karnukan matafiya da horar da na masu gida su ne ke kawo kuɗi, su ke riƙe da ɓangaren ceto. Sana'ar ma ba sabuwa ba ce, gidan karnuka na Battersea da ke Landan tun 1860 yake wannan aiki, sai dai mu namu ƙarami ne, in wuri ya cika to ya cika.

Kwikwiyo ba ya daɗewa a hannunmu, ana sa hotonsa waya za ta fara ƙara. Masu zama su ne tsofaffi, da manya masu ƙarfi, da waɗanda suka taɓa cizo, da matsorata. Mutane na ɗauka gurgu ko mai ido ɗaya ne ke ba mu wahala. Ko kusa. Mai ƙafa uku tausayi ke nema masa gida, kurma kuma yana koyon umarni da alamar hannu cikin sauƙi. Wanda lahaninsa ke cikin hali shi ne aiki. Da yawansu tun suna kwikwiyo aka cuce su, domin tsakanin mako 3 zuwa 12 da haihuwa ne kare ke sabawa da mutane da ƙara da taɓi. Wanda ya yi wannan lokaci a ɗaure a bayan gida, yakan girma yana ganin kowane baƙo a matsayin barazana.

Keji kuma ƙara ɓata shi yake yi. Ga haushin 'yan'uwansa dare da rana, ga baƙi suna leƙe. Wani ya dinga zagaye wuri ɗaya, wani ya maƙale a lungu ya ƙi ɗaga kai. Mai neman kare ya zo ya ga wannan, ya wuce keji na gaba. Shi ya sa irin waɗannan nake fara nema musu gidan riƙo na ɗan lokaci, inda za a ga ainihin halinsu a rubuta mini: yaya yake da kyanwa, me yake yi in an bar shi shi kaɗai, wace ƙara ke firgita shi.

Akwai wani da muka sa wa suna Dogo. Babba ne, furfura ta fito masa a baki, likitan dabbobi ya duba haƙoransa ya ce zai kai shekara 8, wanda ga manyan karnuka tsufa ne sosai. Allurar haukan kare, maganin tsutsar ciki, cire kaska, fiɗiya, duk an gama ba wata rigima. Rigimarsa kwanon abinci. Kana matsowa sai ya daskare, kansa na ƙasa, ya juyo ido har ka ga farin, sannan gurnani ya biyo baya. A wurinmu ba a dukan kare don ya yi gurnani. Gargaɗi yake yi, in ka hana shi gargaɗin, gobe cizon zai zo ba sallama. Abin da muka yi, mai horo zai tsaya daga nesa, ya jefa masa abin da ya fi na kwanon daɗi, ya yi tafiyarsa. A hankali tazarar ta riƙa raguwa, har Dogo ya fara ɗaga kai yana kaɗa bindi in ya ji takun mutum. Mun kuma saba masa da takunkumi mai raga, wanda ke barin kare ya buɗe baki ya yi haki, tunda da hakin yake rage zafin jikinsa.

Ya yi sauƙi, amma ba zan ce ya warke ba, kuma haka na rubuta a tallarsa: ba ya zama da yara ƙanana, ba a taɓa kwanonsa, yana son barci da tafiya a hankali. Wasu abokan sana'a na ganin wannan korar mutane ne. Eh, korarsu nake yi, da gangan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Karen da aka ba da shi da ƙarya zai dawo, wataƙila da tarihin cizon yaro a kansa, sannan ba mai sake kallonsa. Kare mai wuyar hali gida ɗaya yake buƙata, wanda ya ji aibinsa duka ya ce ya yarda.

Daga nan sai tantance mutane, wanda ya fi horar da karen gajiyarwa. Su wa ke cikin gidan, awa nawa ake barinsa ba kowa, in haya ce mai gidan ya amince, akwai katanga, wa zai biya likita in tsufa ya kawo ciwon gaɓɓai. Mutum biyu nake gudu. Na farko mai neman kare mai zafi don ya tsorata jama'a. Na biyu ya fi wuyar sallama saboda zuciyarsa mai kyau ce, shi ne mai cewa ƙauna za ta gyara komai. Irinsu ne ke rungumar kare a daren farko, karen na lasar baki yana hamma yana kau da kai don takura, su kuma suna cewa ai daɗi yake ji.

Wanda ya ɗauki Dogo wani dattijo ne da ya yi ritaya, shi kaɗai a gida. Da ya zo bai miƙa hannu ba, ya samu kujera ya zauna ya ba karen gefe. Na ce, "Baba, kun dai karanta maganar kwanon?" Ya ce, "Na karanta. In yana ci zan ja masa ƙofa. Ni ma ba na son a tsaya mini a kai." Bai yi tambayar da kowa ke yi ba, wato yaushe zai daina. Tambayarsa ita ce wane irin shimfiɗa ya dace da ƙugun tsohon kare.

Kowa na fita da kare ina gaya masa lissafin da masu wannan aiki ke yi: kwana 3 na ruɗewa, mako 3 na koyon tsarin gida, wata 3 kafin ya saki jiki. Ba doka ba ce, matsoraci kan ninka haka. A mako na biyu zuwa na uku aka fi kirana, domin a lokacin ne karen da ya yi lamo yake fara nuna halinsa. Takardar da muke sa wa hannu ta ce in abin ya gagara a dawo mana da shi, ba a sayarwa, ba a kyautarwa. Saboda wannan alƙawari nake barin keji ɗaya ba kowa duk sanda irin Dogo ya fita, ko da kuwa matafiya na layi da kuɗinsu a hannu.