Dutsen Aberlemno da Na Tarar a Cikin Akwati

Har yanzu raina yakan sosu idan na tuna zuwana na farko Aberlemno, wani ƙauye a ƙasar Scotland. Ina karatu a birnin Dandi (Dundee) a lokacin, kuma na daɗe ina ɗokin ganin dutsen da ke tsaye a makabartar cocin ƙauyen, wanda mutanen Pikt, mazauna yankin a zamanin da, suka sassaƙa a wajajen ƙarni na 8. Na ware rana guda a watan Nuwamba, na hau bas zuwa garin Forfar, na ƙara da tasi mai tsada, da isowata kuwa sai na tarar da akwatin katako ya lulluɓe dutsen ruf, tun daga sama har ƙasa. Ashe duk shekara ana rufe shi daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Afrilu, domin jan dutse ne mai taushi, idan ruwa ya ratsa shi ya daskare sai sassaƙar ta riƙa ɓarɓashewa. Dalilin mai ƙarfi ne, amma bai rage mini takaicin tsayuwa cikin sanyi ina kallon katako ba, ga sauran sassaƙaƙƙun duwatsun da ke bakin hanyar ƙauyen su ma duk a rufe.

Na koma a watan Mayu da yamma liƙis, hasken rana na bugun dutsen ta gefe, abin da ke sa kowane layi ya fito da inuwarsa. Ya fi mita biyu tsawo. A fuska ɗaya gicciye ne mai saƙa kamar ta igiya, da dabbobi sarƙe da juna. A ɗaya fuskar kuma yaƙi ne, mayaƙa marasa kwalkwali suna fafatawa da masu kwalkwali mai kare hanci, can ƙasa ga wani ya faɗi tsuntsu na tsattsagarsa. Masana da dama suna ganin yaƙin Nechtansmere ne na shekarar 685, inda Bridei, Sarkin Pikt, ya ci Ecgfrith, Sarkin Nortambiriya da ke kudu da su, da yaƙi, ko da yake ba duka suka yarda ba.

Wannan tsuntsun ne ya fi tsaya mini a rai, kuma shi ne akwatin ya hana ni gani har wata shida. Duk mai niyyar zuwa ya fara duba wata kafin ya sayi tikiti, kada ya kuskura ya nufi can tsakanin Oktoba da Maris.