Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Murhun Motar Jamus

A makon jiya na tsaya a inda na shigo da motar Zangon Agege, Kawu ya zagaya ta sau biyu, ya leƙa ciki, sannan ya ce a gaban jama'a, "Arha ba ta ado." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, ya karkaɗe rigarsa ya wuce masallaci.

Motar Volkswagen ce ƙirar T3, irin wadda aka fi yin danfo, wato bas ɗin haya, da ita a Legas, sai dai wannan Turawa sun yi mata gado da kabad da ɗan wurin girki a ciki domin yawon hutu. Na saye ta ne saboda kwanan tasha da abincin hanya sun ishe ni a zirga-zirgar albasa tsakanin Aliero da kasuwar Mile 12. Injinta lafiya lau yake, kuma kayan gyaranta ba sa wuya a kasuwar Ladipo tunda 'yar'uwar danfo ce. Inda maganar Kawu ta sami wurin zama shi ne wurin girkin. Katakon saman teburin na garin katako ne da aka matse, ruwa ya shige shi ta gefen kwanon wanke-wanke, danshin Legas ya ƙarasa shi, har ya kumbura yana marmashewa kamar ƙuli. Murhun mai kai biyu ne, ɗaya ya mutu, ɗayan kuma yana ba da wuta ja mai baƙanta tukunya.

Da farko na kai wa wani kafinta, wanda ba zan ambaci sunansa ba saboda surukin mutanenmu ne. Ya karɓi kuɗin katako, ya riƙe motar mako uku, ya yanka ramin murhu ya yi faɗi, sannan ya cike gibin da guntaye. Kawun ne ya haɗa ni da shi, amma da labari ya koma masa, ni ya ɗora wa laifi.

A watan Maris na 2016 rikici ya tashi a Mile 12, gwamnati ta rufe kasuwa, muka zauna babu saye babu sayarwa. A kwanakin nan ne na ce da kaina, zama bai kama ni ba. Na tafi kasuwar katako ta Mushin na sayi filawud irin na jirgin ruwa mai kaurin milimita 18, wanda gam ɗinsa ba ya sakewa idan ya jiƙe, da fomaika fara, da gwangwanin gam na Evo-Stik. Darasin da na ɗauka daga ɓarnar kafintan shi ne kada zarto ya taɓa katako sai an gwada da kwali, domin bangon mota ba a miƙe yake ba kamar na ɗaki. Na yanka kwalin taliya na yi ta rage shi da almakashi har ya zauna daram, sannan na zana shi a kan katakon. Bakin kowane rami na shafe shi da fenti sau uku, tunda ta nan ruwa ya kashe na farko. Shi kuwa gam, ana shafa shi a fuska biyu, a jira ya sha iska har ya daina kama yatsa, kuma idan fomaika ta taɓa shi ta zauna ke nan, babu gyara. Na jera sanduna a tsakani ina zare su ɗaya bayan ɗaya, Maman yara tana danna mini da ƙyalle.

Ita ma, Allah ya saka mata, ba ta yarda da aikin ba a lokacin. "Baban yara, ka rufa mana asiri, gas ba abin wasa ba ne," in ji ta. Gaskiya ta faɗa. Shekaru bayan haka, ranar da aka kai babbar 'yarmu ɗakinta, ita ce ta dafa wa 'yan rakiya shayi a kan murhun nan, tana gaya wa ƙawayenta cewa tare muka haɗa shi. Ban musa mata ba.

Sirrin jar wutar wani tsohon mai gyaran murhu ne ya warware mini shi. Tsofaffin motocin Jamus an yi murhunsu ne a kan ƙarfin matsin gas na milibar 50, mu kuwa regiletar da ake sayarwa a nan ba ta wuce 28 zuwa 30 ba, don haka gas ɗin ba ya isa kan murhun yadda aka tsara shi. Na cire shi gaba ɗaya na sa sabo mai kai biyu, irin wanda yake yanke gas da kansa idan iska ta kashe wutar. Na ɗaure silinda mai kilo 6 da bel a cikin kabad, na huda ƙasan kabad ɗin har waje, saboda gas ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya. Na sa sabon tiyo da maɗauri a kowane baki, na bi mahaɗan da kumfar sabulu. Ɗaya ta yi ƙwai, na ƙara matse ta. Bayan murhun na lulluɓe bango da farantin alminiyom. Da na kunna, wuta ta fito shuɗiya.

Arha ba ta ado. Na so ƙwarai Kawu ya maimaita ta a ranar, amma bai zo ba, ya aiko cewa ƙafa tana damunsa.

Sai da azumi ya zagayo, tafiya gida ta kama shi, kuɗin mota kuma ya yi tsada, sannan ya shiga motar. Magariba ta riske mu bayan mun haye gadar Jebba, na tsaya gefen hanya, na zuge ƙofa, na ɗora buta. Ina kallonsa ta wutsiyar ido yana shafa fomaikar da tafin hannu, yana bin bakinta da farce ko zai sami inda ta ɗago. Na miƙa masa kofi na ce, "Kawu, bismilla, a sha ruwa." Ya shanye, ya miƙo mini kofin, ya ce sukari ya yi kaɗan.