Fararen ɗigon da na gani a hoton Baba

Ina cikin shekarata ta biyu a ɗakin IRM, na'urar maganaɗisu mai ɗaukar hoton cikin jiki, na wani asibiti a nan Garwa aka kawo wani dattijo daga wajen Gidar, manomin albasa, ya haura saba'in. Yana zaune a benci hannunsa na dama na kan cinya, babban yatsa da manuniya suna ta murzar juna kamar mai jan carbi, alhali ba carbi a hannun. A gida an ce tsufa ne, wasu sun ce sammu. Ɗansa ya sayar da bijimi kafin ya haɗa kuɗin hoton.

Da hoton ya fito, a salon ɗauka da muke kira FLAIR, sai ga fararen ɗigo birjik a gefen ramukan ruwan da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa. Ɗan ya leƙo ta ƙofa ya ce, "Malam, don Allah an ga wani abu?" Ni kuma da rawar kan sabon shiga na juya masa allon na ce, "Ga ciwon Baba nan." Ba hurumina ba ne, aikina ɗauka, karatun hoto na likita ne. Yaron ya fita ya shaida wa 'yan'uwa cewa ƙwaƙwalwar Baba ta lalace, har suka fara shawarar komawa gida a bar wa Allah, kada a ƙara zubar da kuɗi a magani.

Allah ya taimake ni likitan jijiyoyi yana nan a ranar. Bai fara da hoton ba. Ya ce, "Baba, tashi ka taka mana zuwa bakin ƙofa ka dawo." Taku gajeru, jiki a sunkuye, hannun hagu na lilo, na dama a manne da ƙugu. Ya lanƙwasa masa wuyan hannu ya ji yana cijewa. Ya ba shi biro, Baba ya rubuta sunansa da ajami, haruffan suna ƙanƙancewa har na ƙarshe ya koma kamar ƙwayar gero. Sannan ya ja ni gefe ya ce, "Ƙanena, ɗigon nan na hawan jini ne da shekaru. Cutar da ta kawo shi, Parkinson, ba ta fito a hotonka ba."

Maganar ta tsaya mini a rai, don a zatona na'ura mai tsada haka ba abin da zai ɓuya mata. Cutar Parkinson, wadda likitan Landan James Parkinson ya siffanta a 1817, tana farawa ne da mutuwar ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin, mai daidaita motsin jiki, a wani ɗan baƙin wuri can cikin tushen ƙwaƙwalwa. Hoton IRM na yau da kullum sau da yawa lafiya lau yake fitowa. Ana neman sa ne don a tabbatar ba ƙari ba ne, ba taruwar ruwa ba, ba kuma wata cutar mai kama da ita ba. Fararen ɗigon kuwa tabon ƙananan hanyoyin jini ne, kuma akwai ma'aunin Fazekas na 1987 da ke jera su daga 0 zuwa 3. Tsofaffi da yawa masu hawan jini ko ciwon suga suna da su, suna kuma zuwa kasuwa da ƙafarsu.

Daga nan na koma karatu da daddare. Duk wanda ya taɓa fasa kan rago bayan Sallah ya ga ƙwaƙwalwa launi biyu ce: mai ruwan toka a waje, fara a ciki. Farar nan wayoyi ne masu kai saƙo daga sashe zuwa sashe, kowace a naɗe da wani kitse da ake kira mayelin, shi ke ba ta farin. Gadar da ta haɗa ɓarin dama da na hagu kaɗai tana ɗauke da wayoyi wajen miliyan 200. Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar da Peter Basser da Denis Le Bihan da abokin aikinsu suka fitar a 1994, ta bin sawun ruwa. Ɗiga tawada a sabon allon da ba a goge ba, za ka ga ta bi jijiyar itacen ta yi tsawo maimakon ta yi da'ira. Haka ruwan ƙwaƙwalwa yake: inda wayoyi suke a jere da rigarsu, ya fi watsuwa ta tsawonsu, inda suka lalace kuwa sai ya bazu ta ko'ina. Na'ura na auna wannan da lamba tsakanin 0 da 1. Ruwan cikin ramuka yana kusa da 0, gadar nan kuwa tana can sama.

Inda farin sashen ke da bakin magana sosai shi ne a cututtukan da ke sanye da rigar Parkinson. Akwai wadda takardunmu na Faransanci ke rubutawa AMS a taƙaice, wato motsewar sassan ƙwaƙwalwa da dama. A cikinta gurɓataccen furotin yana taruwa ne a ƙwayoyin da ke ƙera mayelin ɗin kansu, shi ya sa igiyoyin da ke haɗa ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya da tushe suke sirancewa, wani lokaci alamar gicciye ta fito a tsakiyar tushen. Mai ita jiri ke ɗibarsa in ya miƙe tsaye, fitsari na kufce masa tun da wuri. Akwai wata kuma da ake taƙaita sunanta PSP, wadda likitoci Steele da Richardson da Olszewski suka bayyana a Toronto a 1964: mutum ya riƙa faɗuwa ta baya, ido ya kasa duban ƙasa, har tuwo a gabansa ya gagare shi gani. A hoton gefe, saman tushen ya motse ya yi kamar kan tsuntsu mai tsinin baki. Bambancewar ba ta ado ba ce. Waɗannan biyun ba sa jin lebodofa, babban maganin Parkinson, kamar yadda ita take ji, sun kuma fi ta sauri, iyali na da haƙƙin sanin haka kafin su sayar da bijimi na biyu. Su ma fararen ɗigon, in sun yi yawa sun haɗe, suna iya kama tafiya: ƙafa ta manne da ƙasa kamar an shafa mata ƙaro, hannu kuwa ba karkarwa.

Sai dai na lura masu zumuɗin sabuwar dabara suna wuce gona da iri. A bincike, in an tara marasa lafiya aka kwatanta da masu lafiya, lambar tana nuna bambanci. Mutum ɗaya da ke kwance a gabanka kuwa, lambarsa ita kaɗai ba ta yanke hukunci, kuma tana sauyawa daga na'ura zuwa na'ura. Ga shi motsi kaɗan ke ɓata ta, mu kuwa masu karkarwa ake kawo mana, tsoro da ƙarar na'urar na ƙara musu ita. Na koyi tokare kai da matasai, in toshe kunne, in bar ɗa ya shiga ya riƙe ƙafar mahaifinsa bayan na caje aljihunsa. Na koyi tambayar laya da guru cikin ladabi, don wasu da ƙarfe a ciki. Haƙorin Makka ma na tambaya, saboda ƙarfen baki na iya murguɗa hoton a daidai ƙasan ƙwaƙwalwa, inda muka fi bukata.

An ɗora Baba a kan lebodofa da maganin hawan jini. Bayan 'yan makonni ɗan ya zo karɓar wata takarda, ya ce Baba ya koma ɗaura wa kansa tazuge. Na ba shi haƙuri a kan maganata ta ranar, ya ce, "Haba Malam, ai ya wuce."

Yanzu ba na aika kowa ya kira mini mara lafiya. Da kaina nake fita baranda in kira suna, in tsaya ina kallo tun daga yunƙurin tashi daga benci har bakin ƙofa. Abin da na gani nakan rubuta wa likita da fensir a gefen takarda: ya tashi da ƙyar, hagu ba ya lilo, ya juya a taku biyar.