Kuɗin da bai fito don magani ba, shi ke fitowa don akwati

Akwai abun da ya daɗe yana damuna a tsakaninmu Kirista masu bi na nan Kaduna, kuma na san ba ni kaɗai yake damu ba, kawai dai da yake maganar mutuwa ce kowa sai ya kama bakinsa don kar a ce ba shi da tausayi. Maganar yadda muke biso ne. Mutum zai kwanta ciwo wata da watanni, matarsa na yawo da takardar likita daga gidan wannan ɗan'uwa zuwa na wancan, kowa na ce mata "Allah ya kawo sauƙi, kin san yadda gari yake" ko "bari a yi albashi tukuna", amma ranar da aka ce ya cika, tun kafin a gama kuka na farko an buɗe guruf a WhatsApp an sa masa suna kwamitin biso, sai ka ga alat na shigowa kaman ruwan Agusta. Toh kuɗin nan ina suke lokacin da ake neman na allura da na ƙarin jini?

Duk wanda ke zama Sabon Tasha ko Narayi ko Television ko Romi ya san yadda abun ke tafiya, ba sai na koya masa ba. Za a kai gawa mutuware, a can kuma kowace rana kuɗi ne. Sai a fara zaman iyali, a yi na farko ba a sa rana ba don babban kawu bai zo ba, a yi na biyu a ce sai ɗan da ke Legas ya samu hutu a wajen aiki, na Ingila kuma sai ya samu tikiti mai sauƙi. Ana cikin haka sai wani ya tuna ai gidan ƙauye ba fenti, rufin ma yana yoyo, baƙi ba za su zo su ga haka ba, dole a gyara. Gidan da tsohon ya yi shekaru yana roƙon 'ya'yansa su canza masa kwano ruwa na zuba masa a kan gado, yanzu cikin sati biyu an canza kwano an yi fenti harda tayil. Daga nan sai anko, na 'ya'ya daban na jikoki daban na surukai daban, sai fosta da riguna masu hoton marigayi, sai littafin firogiram mai kala, sai kanofi da kujeru da janareta da masu kiɗa. A yi daren waƙoƙi a nan cikin gari, kashegari da asuba a ɗau hanya, motar gawa a gaba bas-bas a baya, a bi ta Kujama da Kajuru a wuce Kachia har Zonkwa ko Kagoro ko Kafanchan ko Kwoi, hanyar da kowa na shigarta da addu'a a baki saboda masu garkuwa da mutane. A can ma wani daren waƙoƙin ne, sannan sujadar biso, sannan ciyar da duk wanda ya zo.

Kuma fa duk wannan a wane lokaci? Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar fetur da muke saya ƙasa da N200 ta yi ta hawa har ta haye N1,000 a ƙarshen 2024, buhun shinkafa a shekarar ya taɓa wajen N100,000, mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a Yulin 2024 kuma N70,000 ne, wato buhu ɗaya ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. A biso ɗaya buhu nawa ake dafawa? Mu 'yan zumuntar mata mu ke tsayuwa a bakin murhu tun dare, mun san amsar. Mun kuma san wadda take zaune a ɗaki an lulluɓe ta tana kuka, rabin kukan na miji ne rabi na bashin da ake ci da sunanta a waje.

Ban ce son kai mutum gida laifi ba ne fa, kar a fahimce ni ba daidai ba. Ni ma ƙauye gare ni, kuma na san abun da ake ji idan an ce an kwantar da baba kusa da nasa baban. Littafi Mai Tsarki ma bai raina wannan ba. Ibrahim ya auna shekel 400 na azurfa ya sayi kogon Makfela don ya binne Saratu, bai yarda a ba shi kyauta ba. Yakubu ya sa Yusufu ya rantse masa ba za a binne shi a Masar ba, aka yi kwana 40 ana shafe gawarsa, Masarawa suka yi masa makoki kwana 70, sannan aka ɗauke shi da karusai da mahayan dawaki zuwa Kan'ana, yana nan a Farawa sura 50. Yusufu kansa ya bar wasiyya a tafi da ƙasusuwansa, aka kuwa tafi da su har Shekem. Kuma ga mutanenmu na kudancin Kaduna, kabari a ƙasar gado ya wuce al'ada kawai, shaida ce cewa nan wajenmu ne, musamman bayan abubuwan da ƙauyukanmu suka gani. Duk na yarda. Amma Yusufun da ya yi wa babansa wannan babban biso, shi ne ya ɗauko tsohon daga yunwa ya kawo shi Goshen ya ciyar da shi shekara 17 kafin ya mutu. Ya yi na mai rai tukuna kafin ya yi na gawa. Mu kuwa sau da yawa na biyun kawai muke kwaikwaya.

Kuma tunda na ambaci ƙauyukanmu, a tuna waɗanda aka kashe a hare-haren Kajuru da Zangon Kataf da Kaura, da yawansu a rami ɗaya aka jera su, wasu ko akwati babu sai zane. Waye a cikinmu zai buɗe baki ya ce Ubangiji bai karɓe su da daraja ba don ba a ɗinka musu anko ba? Haka lokacin korona, daga ƙarshen Maris 2020 da aka kulle jihar nan aka hana taro, mutane sun binne iyayensu da fasto da 'yan mutane kaɗan, ba kanofi ba shinkafa. An sha zafi, gaskiya an sha, rashin mutane a ranar baƙin ciki ba ƙaramin abu ba ne. Amma iyalai da dama sun fita daga makokin nan ba bashi a wuyansu, kuma ana buɗe gari muka koma gidan jiya har muka ƙara a kai.

A kan wannan ina ganin maƙwabtanmu Musulmi sun fi mu sauƙaƙa wa kansu, ban kuma ji kunyar faɗa ba. Mutum ya rasu da safe a Tudun Wada ko Rigasa ko Kawo, kafin la'asar an yi masa wanka an sa likkafani an yi sallah an kai shi, mai kuɗi da talaka farin yadi ɗaya ne, sai zaman makoki mutane na zuwa gaisuwa, maƙwabta ne ma ke shigo da abinci gidan. Ban ce mu kwafi komai nasu ba, bangaskiyarmu daban, muna da sujadarmu da waƙoƙinmu masu ta'azantar da zuciya waɗanda ba zan so a taɓa su ba. Amma idan an ce binnewa da wuri rashin daraja ne, sai na tambaya, Ubangijinmu Yesu fa? Ranar da ya mutu a ranar aka binne shi, Yusufu mutumin Arimatiya ya roƙi jikin a wajen Bilatus, shi da Nikodimu suka naɗe shi da lilin da kayan ƙanshi suka sa a kabarin da ke kusa kafin Asabar ta shiga.

Wajen da ya fi tsaya mini a rai shi ne Markus sura 14. A Betanya, gidan Saminu kuturu, ana cin abinci wata mace ta shigo da tulun man ƙanshi na nardi mai tsadar gaske ta fasa ta zuba wa Yesu a kai. Waɗanda ke wajen suka hau ta da faɗa, wai ai da an sayar fiye da dinari 300 an ba matalauta. Dinari ɗaya ladan yini ne na lebura, kun ga kusan albashin shekara kenan ta zuba a lokaci ɗaya. Yesu ya ce a ƙyale ta, ta yi abun da za ta iya, ta shafe jikinsa tun da wuri domin jana'izarsa. Wasu na kawo wannan wajen su ce ai ga shi nan, kashe kuɗi a kan jana'iza ba ɓarna ba ne. Toh amma a duba da kyau mana, yana da rai ta zuba masa. Yana zaune, hancinsa na jin ƙanshin, idonsa na ganin wadda ta yi, har ya buɗe baki ya kare ta. Matan da suka sayi nasu kayan ƙanshin suka tafi kabari da sassafe ran Lahadi, da ƙauna suka tafi su ma, amma ba su samu jikin da za su shafa ba. Idan akwai turare mai tsada da kake ajiye wa mamanka, yanzu ne take da hancin da za ta ji shi. Maganin hawan jininta na wata-wata, kuɗin ganin likitan ido, buhun masara kafin damina ta yi nisa, ko ma ka ɗau mota ka je ka kwana biyu a ɗakinta kuna hira.

Akwai wata 'yar'uwa a zumuntarmu da mijinta ya yi fama da ciwon ƙoda, ana wankin ƙoda ana tsallake wasu satuttukan don ba kuɗi, ta sayar da keken ɗinkinta da firij. Da ya rasu, danginsa suka yanka saniya, aka yi anko kala biyu, gawar ta yi fiye da wata a mutuware ana jiran a gama shiri. Bayan an watse aka kira ta aka karanta mata lissafi, wai gudummawar da aka tara ba ta kai ba, sauran za a cire daga haƙƙinsa na wajen aiki idan ya fito. Zangon da ya biyo baya yaranta biyu ba su koma makaranta ba. Mutanen da suka cika kanofi ranar nan, da wuya ka ƙirga biyar da suka sake taka ƙofar gidan. Kuma ba mugaye ba ne fa, 'yan coci ne, masu waƙa ne masu addu'a, kawai dai mun saba ne cewa aikinmu ya ƙare ranar da aka rufe kabari.

Alhali a Littafi daga nan aikin ke farawa. Yaƙub 1:27 ya ce addini mai tsarki a gaban Allah Uba shi ne a kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu. A Ayyukan Manzanni sura 6, mutum bakwai ɗin nan da aka fara zaɓa a ikkilisiya, su Istifanas da Filibus, ba don komai aka zaɓe su ba sai don ana manta wasu gwauraye a rabon abinci na kullum. Na kullum fa, ba na rana ɗaya ba. Bulus kuma ya gaya wa Timoti cewa wanda bai kula da danginsa ba, balle iyalin gidansa, ya musunci bangaskiya. Da masu rai yake magana.

Na san abun da ke riƙe mu, tsoron bakin mutane ne. "Za a ce mun jefar da baba kaman ba shi da kowa." "Gidan su wane sun yi kaza, mu za mu kasa?" Ita gwauruwar da ke cikin zafi ba ta da bakin cewa a rage, in ta faɗa a ce ba ta son mijin, wani lokaci har a fara raɗa cewa ita ta san abun da ya kashe shi. Shi ya sa nake ganin ba daga iyali gyaran zai fara ba, daga coci ne. Iyaye fastoci da dattawa, ECWA ne ko Baptist ko Katolika ko Anglican ko HEKAN, ku kuke da muryar da kawu zai ji ya yi shiru. In coci ta tsaya ta ce mu a nan ba ma so gawar ɗan ikkilisiya ta wuce sati biyu, ba dole sai da anko ba, kuma duk gudummawar da aka tara za a ware kaso a damƙa wa matar da yaran a hannu a gaban dattawa kafin a sayi ko lemo ɗaya, iyalai da yawa za su samu inda za su fake, su ce ba mu ba ne dokar coci ce. Baikon kuɗi da ake ɗauka a sujadar biso ma a faɗa a fili ina yake zuwa.

Mu ma mata akwai namu. Yadda muke da jerin sunayen masu girki in an yi rasuwa, me zai hana mu yi jerin masu zuwa asibiti, da ɗan asusun da za a taɓa tun mutum na kwance, ko dubu ɗaya-ɗaya ne a wata? Jihar nan ma tana da hukumar inshorar lafiya, KADCHMA, ƙungiya za ta iya zuwa ta tambayi yadda ake yi wa tsofaffi da gwaurayenta rajista. Na riga na yi maganar da shugabar zumuntarmu, ta ce in kawo ta a taronmu na wata mai zuwa, kuma zan roƙa a fara da yaran 'yar'uwar nan biyu, a ga yadda za a yi su koma aji kafin zangon nan ya ƙare.