Taurarin da ba sa ƙiftawa

Duk wanda ya tambaye ni ta ina zai fara kallon sararin samaniya, nakan ce masa ya fita bayan sallar magariba ya fuskanci yamma. Idan lokacinta ne, Zara za ta bayyana tun jan sama bai gama dushewa ba, fara tas, haskenta a tsaye cak. Abin da na fara koya ke nan. Tauraro na gaske yana ƙiftawa, domin tsabar nisa ta mayar da shi ɗigo guda, iska kuma tana karkaɗa haskensa. Duniyoyin da ke zagaya rana irin su Zara (Venus), Mushtari (Jupiter), Mirrihu (Mars) da Zuhal (Saturn) kuwa suna kusa da mu, haskensu ba ya rawa sai in sun sauko gab da ƙasa.

Zara ba ta taɓa nisa da rana fiye da digiri 47. In ka miƙe hannu ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne, don haka kana iya aunawa da kanka. Farin abu mai haske da ka gani a tsakiyar sama cikin tsakar dare, to ba ita ba ce, galibi Mushtari ne. Bayan wasu watanni Zara za ta ɓace daga yamma, ta ɓullo a gabas kafin asuba, ita ce gamzakin da masu sammako ke gani. Zagayen yakan ɗauki kwana 584.

Mu a Arewa muna da wata sa'a da ba mu cika lura da ita ba. Kano tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya gida biyu, hanyar da duniyoyin ke bi tana miƙewa sama sosai, har Utarid (Mercury), wanda ya fi kowace duniya kusa da rana, yake kuma wahalar da masu kallo a Turai, yakan samu a nan in sama ta washe. Matsalarmu hazon hunturu ne, wanda ke shafe duk abin da ke ƙasa-ƙasa. Maraicen da ya biyo bayan ruwan sama ya fi kowane kyau.

Amma darasin da ya fi zauna mini shi ne komawa wuri guda dare bayan dare da littafi da biro. Manhaja irin Stellarium za ta gaya maka sunan abin da kake kallo, ina kuma amfani da ita, sai dai ba za ta sa ka ji cewa abubuwan nan tafiya suke yi ba. A Disambar 2020 na riƙa zana matsayin Mushtari da Zuhal suna matsowa kusa da juna, har ranar 21 ga wata suka kusan haɗewa a ido, kusancin da ba su yi irinsa ba tun 1623.

Ƙaramin madubin hangen nesa mai ido biyu, in ka jingina gwiwar hannu a kan katanga don kada ya girgiza, zai nuna maka watannin Mushtari guda huɗu da masanin taurari Galileo ya gani a 1610, jere a layi. Gobe ka sake dubawa, sun canza wuri, wataƙila ma ɗaya ya ɓuya a bayansa. Zoben da ya kewaye Zuhal dai sai da na'urar hangen nesa ta sosai. Mirrihu kuma sai an yi haƙuri da shi, domin kusan duk bayan wata 26 ne yake matsowa ya yi ja jawur, sauran lokaci ɗan ɗigo ne da ido ke wucewa.