Yadda na nemo zaman masu barin giya

Wanda giya ta kama ba ya rasa masu yi masa faɗa. Abin da ke masa wuya shi ne samun wanda zai saurare shi bai zaro ido ba. Na daɗe ina ɗaukar alkawarin dainawa ni kaɗai, in jure kwanaki, in koma ruwa. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta gaya min akwai zaman da waɗanda suka daina sha suke yi a junansu, ta ce in nema. Neman ya ba ni wahala fiye da yadda na zata, shi ya sa nake rubuta wannan.

Ƙungiyar da aka fi sani ita ce Alcoholics Anonymous, wato AA. Mashaya biyu ne suka kafa ta a 1935 a garin Akron da ke jihar Ohayo ta Amurka, Bill Wilson da likita Bob Smith, bayan sun lura cewa hira da wanda ya san ciwon tana hana su komawa kwalba. Yau tana ƙasashe kusan 180. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak: kana son ka daina sha. Ba kuɗin rajista, kuma sunanka na farko ya wadatar.

Da intanet na fara. Akwai manhajar Meeting Guide da ke nuna zaman da ke kusa da kai, akwai kuma shafukan AA na ƙasashe. Amma jerin yakan tsufa. Wani zaman ya sauya rana, wani ya watse, ba wanda ya gyara. In ka ga lambar waya, kira kafin ka fita daga gida. Sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibiti da cibiyoyin farfaɗo da masu shaye-shaye su ne suka fi ba ni sahihin labari, domin su ke tura marasa lafiyarsu can. Ka kuma tambaya ko zaman buɗaɗɗe ne, wanda kowa zai iya halarta har da dangi, ko rufaffe, na masu matsalar kawai. Inda babu ko ɗaya a kusa, akwai na Zoom, waɗanda suka yawaita tun annobar korona a 2020.

Kunya ce ta fi riƙe ni. Ina ta tunanin wa zai gan ni ina shiga, wa zai kai labari. Da na shiga sai na fahimci duk wanda ya gan ni a ɗakin abin da ya kawo ni ne ya kawo shi, asirina da nasa ɗaya ne. Ba wanda ya tilasta min magana. Na ce sauraro na zo yi, aka ce to, madalla, aka wuce. Ina zaune wani dattijo ya fara ba da labarin yadda yake ɓoye kwalba da ƙaryar da yake shirga wa iyalinsa, ya faɗe shi tiryan-tiryan ba kwana-kwana, kamar cikina ya shiga ya karanto. Ban taɓa jin wani ya faɗi wannan da bakinsa ba.

Duk da haka, zaman farko bai zama nawa ba. Kowane zama da halinsa, wani surutu ya yi yawa, wani mutanen sun saba da juna har baƙo ya rasa wurin sa baki. Na zaga kafin na sami wanda hankalina ya kwanta da shi, kuma ina roƙon kowa kada ya yanke hukunci daga zuwa ɗaya. Matakai 12 na AA, wato tsarin da 'yan ƙungiyar ke bi don su daina sha, suna ambaton Allah yadda kowa ya fahimce Shi, ƙungiyar ba ta wani addini ba ce ko da a harabar wurin ibada take aron ɗaki. Wanda tsarin bai yi masa ba, akwai SMART Recovery da aka kafa a 1994, wadda ke koyar da dabarun danne sha'awar sha da sauya tunani. Shi kuwa tsarin AA, babban nazarin da cibiyar Cochrane, mai tantance binciken kiwon lafiya, ta fitar a 2020 ya nuna yana kai sauran hanyoyin jinya ta magana, wani lokaci har ya zarce su, wajen sa mutum ya daina gaba ɗaya.

Akwai abin da zama ba zai yi maka ba, kuma a nan ba wasa. In ka daɗe kana sha da yawa kullum, kada ka yanke farat ɗaya ba tare da likita ba. Rawar hannu da gumi na iya farawa cikin sa'o'i, daga nan jijjiga irin ta farfaɗiya, bayan kwana 2 zuwa 3 kuma gushewar hankali da ke iya kisa. Likita na da maganin da zai sauko da kai lafiya, da irin su naltrexone da acamprosate masu rage ƙishin giyar.

Abin da ya fi amfanar da ni yana faruwa ne kafin a fara da bayan an tashi. Nakan je da wuri in taya jera kujeru, a nan na sami lambobin waya, a nan kuma na sami jagorana, wanda ya riga ni dainawa da shekaru, nake kiransa duk daren da sha'awar ta taso kafin ƙafata ta kai ƙofa. Matata ma ta sami nata zaman a Al-Anon, ƙungiyar iyalan mashaya da aka kafa a 1951, domin ita ma ta sha wuyar da ba ta da wanda za ta faɗa wa.