Abin da ba ya shiga rajista

Ranar Alhamis zan miƙa makullan sashen yara masu tamowa, don haka bari in faɗi maganar tabarma, tunda a taron ma'aikata ba a ba ni dama ba.

Waɗanda muka yi aiki tare sun san kusurwar da muka shimfiɗa wa yara, da gwangwanayen da muka zuba wa tsakuwa don su riƙa kaɗawa. Shugabar sashe ta sa aka naɗe tabarmar a gaban uwaye. "Malama, asibiti kika zo ko gidan raino?" Na ce, "Ranki ya daɗe, yana cikin ƙa'ida." A matakai goma na Hukumar Lafiya ta Duniya kan jinyar tamowa mai tsanani, na tara shi ne wasa da yaro da jan shi a jiki. Ta sani sarai. Sai dai nauyi da awon damtse ne ke shiga rajista, masu ba da tallafi kuma rajista suke dubawa.

Yaron da yunwa ta ci yakan yi shiru, ba kuka ba gwaranci, uwar ma sai ta daina yi masa magana. A shekarun farko na rayuwar yaro ne ƙwaƙwalwa ke ƙulla mahaɗai tsakanin ƙwayoyinta sama da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa. Waɗanda ake motsawa su yi ƙarfi, sauran su zube. A Kingston ta ƙasar Jamaika, a 1986, an fara bin yara 129 da suka tsumbure. Wasu aka ba su madara, wasu kuma ma'aikaciya ke zuwa gidansu kowane mako har shekara biyu, tana koya wa uwa wasa da ɗanta. Bayan shekara 20, 'yan rukunin wasa suna samun kuɗi fiye da takwarorinsu da kusan kashi 25 cikin ɗari. Amfanin madarar ita kaɗai bai ɗore ba. Na rubuta wa shugabar sashe wannan a takarda, ta mayar min da ita ko sa hannu babu.

Ga mai zuwa bayana: kada ki matsa wa uwar ɗan fari ta yi masa wasa a bainar jama'a, kunya ba za ta bar ta ba; kakar za ki kama. Duk takardar da kika kai ofis, ki ajiye kwafi. Gwangwanayen kuma na raba wa uwayen da aka sallama, don ba a cikin kayan gwamnati aka lissafa su ba.